Hanji ya lafa amma gwajin hanta na hawa: magani ne ko PSC, kuma me bincike ya tabbatar?

Ɗalibar Likitanci

Assalamu alaikum, malamaina. Ina neman ƙarin haske a kan alaƙar ciwon kumburin hanji mai daɗewa da matsalolin hanta. Zan kafa tambayar a kan misali, don kada maganar ta watse.

A ɗauka namiji ne ɗan shekara 32, nauyinsa kilo 70, yana da alsaratib kolaitis, wato kumburi da gyambon babban hanji. Yana shan mesalazin, maganin kumburin hanji, sannan yana kan azatiyofirin, mai danne garkuwar jiki, miligiram 150 a rana sama da shekara biyu. Hanjin ya lafa, ba gudawa, ba jini. Sai gwajin jini na wata uku, mai auna sinadaran hanta, ya nuna ALP 380 a inda iyakarsa 120 ce, GGT ya ninka sau da yawa, ALT 70 a inda iyaka 40 ce, bilirubin, sinadarin da ke jawo shawara, lafiya lau. Ba shawara a ido, ba zazzaɓi, sai ɗan gajiya.

Ta yaya ake rarrabe ko maganin ne ya taɓa hantar ko kuwa PSC ce ta ɓullo, wato cutar kumburi da tsukewar hanyoyin maɗaciya? Da wane gwaji ake farawa, wanne ake jinkirtawa? Sannan abin da ya fi ɗaure mini kai: idan PSC ce, na ga wasu likitoci na ba da UDCA, maganin da ke sauƙaƙa gudanar ruwan maɗaciya, wasu kuma na cewa ba shi da amfani, har ma yana iya cutarwa. Me gwaje-gwajen da aka yi a kan marasa lafiya suka nuna? Me ya sa har yanzu ba a samo maganin da aka yi ittifaƙi a kansa ba, alhali magungunan hanjin kansa sai ƙaruwa suke yi?

Likitan Hanta

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a zargi kowane magani, a fara karanta fasalin gwajin. A raba ALT da iyakarsa, a raba ALP da iyakarsa, sannan a raba amsar farko da ta biyu. A misalinki, 70 a raba da 40 ya ba da 1.75, 380 a raba da 120 ya ba da kusan 3.2, don haka sakamakon bai wuce 0.55 ba. Idan ya kai 5 ko ya haura, ƙwayoyin hantar ne suka ji rauni. Idan 2 ne ko ƙasa, matsalar tana hanyar da ruwan maɗaciya ke bi. Abin da ya faɗo tsakani gauraye ne. Naki a fili yake na hanyar maɗaciya ne, kuma hawan GGT ya kawar da shakkar cewa daga ƙashi ALP ɗin ya fito. Wannan shakkar ba ƙarama ba ce ga masu ciwon hanji, domin ƙarancin bitamin D ya yi yawa a cikinsu, kuma yana ɗaga ALP na ƙashi ba tare da GGT ya motsa ba. Haka ma ALP kan hau ba tare da GGT ba ga mai juna biyu da yaron da ke girma.

Namiji matashi mai kolaitis da irin wannan fasali, PSC ce a sahun gaba har sai an kore ta. Cuta ce da hanyoyin maɗaciya, na cikin hanta da na wajenta, ke kumbura suna yin tabo suna tsukewa. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu PSC suna da ciwon kumburin hanji, galibi kolaitis, amma a cikin masu kolaitis kimanin kashi 5 ne ke da PSC. Maza su ne wajen kashi biyu cikin uku. Lafawar hanji ba ta ba da wani tabbaci ba ko kaɗan. Cututtukan biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma PSC na iya bayyana ko bayan an cire babban hanjin gaba ɗaya.

Ga jerin aikin yadda ya kamata ya tafi. A maimaita gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu, a haɗa da albumin, INR mai auna saurin daskarewar jini, da ƙidayar jini. A gwada cutar hanta nau'in B da C. A auna sinadaran garkuwar jiki: IgG gaba ɗaya, da ANA da SMA saboda ciwon hanta na garkuwar jiki, da AMA saboda PBC, wata cutar da ke lalata ƙananan hanyoyin maɗaciya a cikin hanta, sannan IgG4, wani reshe na IgG, aƙalla sau ɗaya. A yi hoton ciki na sauti don a kore tsakuwa da toshewa, a duba maɗaciya da girman saifa. Sai dai kada a tsaya nan. Hoton sauti na iya fitowa ƙalau ga mai PSC, kuma mutane da yawa sun ɓata shekaru saboda an sallame su da wannan sakamakon. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne MRCP, hoton maganaɗisu na hanyoyin maɗaciya. Ana yin sa bayan an ƙaurace wa abinci na kamar awa huɗu don maɗaciya ta cika. Abin da ake nema shi ne tsukewa nan da can, da ɗan buɗewa a tsakaninsu, hanyar ta zama kamar carbi.

ERCP, wato zura na'ura ta baki har mashigar maɗaciya, an daina amfani da shi don gano cutar kawai. Yana iya jawo kumburin fankiriyas, kuma yana tura ƙwayoyin cuta cikin hanyoyin da dama ba sa zubar da ruwa yadda ya kamata. Ana ajiye shi ne don ranar da za a buɗe wata tsukewa ko a ɗebo ƙwayoyi don bincike.

Idan MRCP mai kyau ya fito lafiya amma ALP ya ƙi sauka, a nan ne ɗebo tsokar hanta da allura ke da muhalli, domin akwai nau'in PSC da ke kama ƙananan hanyoyin da hoto ba ya gani. Haka kuma idan ALT ya haura ninki 5 ko IgG ya yi sama sosai, a ɗebo, saboda PSC kan haɗu da ciwon hanta na garkuwar jiki, musamman ga yara da matasa, kuma wannan ɓangaren yana jin maganin sitiroyid. IgG4 ma dalilinsa ke nan. Akwai cuta mai kama da PSC a hoto wadda IgG4 ke haddasawa, ita kuma tana narkewa da firednisolon. Amma a kula, kusan ɗaya cikin goma na masu PSC ta ainihi suna da ɗan hawan IgG4. Ɗan hawa bai isa hujja ba. Idan ya ninka iyaka sau huɗu ne zargin ke yin ƙarfi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne abin da ke canjawa a ranar da aka tabbatar da PSC, domin ya fi maganar UDCA muhimmanci. Haɗarin kansar babban hanji ga mai kolaitis da PSC ya kai kusan ninki huɗu na mai kolaitis kaɗai. Mai kolaitis kaɗai yakan fara duban hanji na sa ido bayan kimanin shekara 8 da fara ciwo. Mai PSC kuwa daga ranar da aka gano ta ake farawa, kuma kowace shekara, ko da ba ya jin komai. Kolaitis ɗin masu PSC yana da halinsa: yakan mamaye hanjin duka amma a hankali, ya fi tsanani a ɓangaren dama, yakan tsallake dubura, wani lokaci ya leƙa ƙarshen ƙaramin hanji. Shi ya sa mutum zai ce lafiyarsa ƙalau alhali kumburi na ci a ɓoye, kuma shi ya sa gajeren dubawa da ke tsayawa a ɓangaren hagu ba ya wadatarwa. A kai na'urar har ƙarshe, hanji a wanke tas, a fesa launi idan akwai hali, a ɗebo tsoka daga kowane sashe. Wanda aka gano masa PSC ba tare da an san shi da ciwon hanji ba, shi ma a duba shi a ɗebo tsoka ko da hanjin ya yi kyau a ido, a kuma sake bayan kamar shekara 5. Cire babban hanji ba ya warkar da PSC, dashen hanta kuma ba ya ɗauke wajibcin duban hanjin shekara-shekara.

Mai Harhaɗa Magani

Likita ya yi bayani mai gamsarwa. Ni zan tsaya a kan magungunan, domin ba a wanke azatiyofirin haka kawai.

Lokaci shi ne shaida ta farko. Yawancin illar azatiyofirin da danginsa markaftofurin ga hanta tana bayyana a watannin farko, shi ya sa ake gwajin jini a mako na 2, 4, 8 da 12, sannan duk wata uku. Wanda ya shekara biyu a kan ma'auni ɗaya lafiya, sannan ALP ya tashi, zargin maganin ya yi rauni, amma bai mutu ba. A tambaya ko an ƙara ma'auni, ko nauyinsa ya ragu, ko an shigo da wani sabon magani. A tambayi magungunan kashe ƙwayoyin cuta na wata biyu da suka wuce, musamman amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, wanda ke iya tsayar da ruwan maɗaciya makonni bayan an gama shan sa. A tambayi abubuwan ƙarin kuzari, na gina jiki da na ganye, domin mutane ba sa lissafa su a matsayin magani sai an ambata musu.

Ma'aunin azatiyofirin miligiram 2 zuwa 2.5 ne a kowane kilo, don haka 150 ga mai kilo 70 daidai ne. Jiki na sarrafa shi ta hanyoyi biyu masu muhimmanci a nan. Ɗaya tana samar da 6-TGN, shi ne mai aikin, ana son sa tsakanin 235 da 450. Ɗayar tana samar da 6-MMP, wanda idan ya haura 5700 yakan taɓa hanta. Wasu mutane jikinsu ya karkata ga hanya ta biyu. Ga inda ake kuskure: hanji bai lafa ba, sai a ƙara ma'auni, 6-TGN bai motsa ba, 6-MMP ya yi sama, ALT ya bi shi. Gyaran shi ne a rage azatiyofirin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ma'aunin, a haɗa da alofurinol miligiram 100, a riƙa ƙidayar jini a kai a kai a makonnin farko. Wannan haɗin na ƙwararru ne kawai. Idan aka ba da alofurinol ba a rage azatiyofirin ba, ɓargo na iya durƙushewa, fararen ƙwayoyin jini su ƙare. Hakan na faruwa ne idan wani likita daban ya rubuta alofurinol saboda ciwon gaɓɓai bai san mutumin na kan azatiyofirin ba.

Akwai illar da ke zuwa a makare, wadda ta dace da shekara biyun nan: lalacewar ƙananan jijiyoyin jinin hanta, hantar ta yi ƙulle-ƙulle ba tare da tabo ba, hawan jini ya taru a babbar jijiyar da ke shiga hanta. Gwajin hanta na iya zama kusan lafiya. Alamar da ke tona ta ita ce ƙwayoyin daskarar da jini suna raguwa sannu a hankali, saifa na girma. A jera sakamakon shekara biyu a duba inda lambar ta dosa, kada a dubi na yau kaɗai.

Sai sauran magungunan hanji. Metotireksat sau ɗaya ake shan sa ko a yi allurarsa a mako, miligiram 25 a farko ga cutar Crohn, ɗaya nau'in ciwon kumburin hanjin, sannan 15, tare da folik asid. Shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane, don haka a rubuta ranar a jikin kwalin. Tabon hanta da ake jingina masa ya fi samun mai shan giya, mai ƙiba da mai ciwon sukari. Salfasalazin kuwa a makonnin farko yake nuna halinsa, da zazzaɓi, ƙuraje da kumburin kaluluwa, kuma a nan tsayar da shi ake yi nan take, ba a sake komawa. Mesalazin da wuya ya taɓa hanta. Infiliksimab, allurar hanji mai danne garkuwa, kan jawo hawan ALT mai kama da ciwon hanta na garkuwar jiki, sau da yawa bayan 'yan allurai na farko, kuma yawanci yana warwarewa idan an dakatar, wani lokaci da taimakon sitiroyid. Kada kuma a manta da isoniyazid da ake bai wa mai ɓoyayyen tarin fuka kafin a fara irin waɗannan allurai, shi ma yana da nasa rabon.

Babbar ɓarnar da ake iya kaucewa ita ce farfaɗowar cutar hanta nau'in B. Kafin a fara duk wani magani mai danne garkuwa a gwada abu uku: HBsAg mai nuna cutar na jiki, anti-HBc mai nuna an taɓa kamuwa, da anti-HBs mai nuna kariya. Mai HBsAg a ba shi entekabir miligiram 0.5 a rana ko tenofobir, a fara kafin maganin hanjin, a ci gaba har aƙalla wata 12 bayan an daina shi. Dalilin wannan tsawon shi ne ƙwayar cutar tana yaɗuwa a lokacin da garkuwa ke danne, amma ɓarnar hanta takan zo ne lokacin da garkuwar ta farfaɗo ta afka wa ƙwayoyin hantar da suka kamu. Firednisolon miligiram 20 na tsawon mako huɗu ma ya isa ya tayar da ita. Wanda bai taɓa kamuwa ba kuma ba shi da kariya, a yi masa rigakafi tun kafin a danne garkuwar, domin bayan nan allurar ba ta kamawa sosai.

Game da tsayar da magani: idan ALT ya haura ninki 3 tare da bilirubin sama da ninki 2, ba tare da toshewa ba, a tsayar a ranar. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa likitan hanta Hyman Zimmerman, kuma kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan kan rasa rai ko su buƙaci dashe. A misalin Malama ba a kai nan ba, don haka ban ga dalilin yanke azatiyofirin kafin MRCP ba. Yanke shi cikin gaggawa na iya tayar da hanjin, a koma sitiroyid, lissafin ya ƙara rikicewa.

Ɗalibar Likitanci

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. A ce MRCP ya tabbatar da PSC. Idan aka ba shi UDCA, ALP ya sauko daga 380 zuwa 160, ba shi ke nan an ci nasara ba? A PBC ai da saukar ALP ake auna ko magani ya yi aiki. Me ya hana a yi haka a nan?

Mai Binciken Magunguna

Malama, wannan tambayar ita ce ta hana fagen nan ci gaba shekara da shekaru.

A PBC an tabbatar cewa UDCA miligiram 13 zuwa 15 a kowane kilo yana sauke ALP, kuma yana tsawaita rayuwa ba tare da dashe ba. A PSC rabin farko kawai aka samu. Gwajin da Keith Lindor ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 1997, ya ba marasa lafiya 105 wannan ma'aunin ko ƙwayar da ba magani a cikinta. Gwajin jini ya gyaru, amma cutar ta ci gaba da tafiyarta. Sai aka ce wataƙila ma'aunin ne ya yi kaɗan. A ƙasashen Sikandinebiya aka gwada 17 zuwa 23 a kan mutum 219 na tsawon shekara 5, aka wallafa a 2005. An ga ɗan karkata zuwa ga amfani, amma bai kai matsayin hujja ba, kuma ba a samu adadin mutanen da aka tsara ɗauka ba. Aka sake ɗagawa zuwa 28 zuwa 30 a kan mutum 150. Wannan gwajin, na 2009, dakatar da shi aka yi kafin lokacinsa. ALP ya sauka da kyau ga masu shan maganin, amma haɗarin mutuwa, dashe, taurarewar hanta ko kumburin jijiyoyin maƙoshi ya ninka fiye da sau biyu a cikinsu. Da aka sake nazarin masu kolaitis a cikin gwajin, sai aka ga sauye-sauyen da ke kai wa ga kansar hanji ma sun fi yawa a ɓangaren maganin. Takardar gwaji tana kyau, mutumin yana lalacewa.

Don haka matsayin da ake kai: babban ma'auni haramun ne a likitance. Matsakaici, 15 zuwa 20 a kowane kilo, ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta ce a jagorarta ta 2022 ana iya bayarwa, ta Amurka ma ta bar ƙofa a buɗe. Ga mai kilo 70 wannan ya kama miligiram 1050 zuwa 1400 a rana. A sake lissafi idan nauyi ya ragu, domin mai ciwon hanji na iya zubar da kilo 10 ya tsinci kansa a ma'aunin da ba a nufa ba. Gaskiya ne waɗanda ALP ɗinsu ya sauka ƙasa da ninki 1.5 sun fi daɗewa lafiya, amma an ga haka ko da maganin ko ba shi. Mai yiwuwa saukar tana nuna mai sauƙin cuta ne tun asali, ba aikin ƙwayar ba.

Me ya sa gwaji ke da wuya a PSC? Na farko, tana tafiya a hankali. Binciken da aka yi a Holan a kan jama'a gaba ɗaya, aka wallafa a 2013, ya nuna matsakaicin lokaci daga ganowa zuwa dashe ko mutuwa ya kai shekara 21, alhali a cibiyoyin dashe shekara 13 ne, saboda masu tsanani ne ke taruwa a can. Ba kamfanin da zai jira shekara 20, kuma cutar ba ta da yawan da za a tara dubban mutane. Dole a nemi ma'auni na wucin gadi, kuma kowanne da aibinsa. ALP yana hawa yana sauka da kansa, ƙaramar tsakuwa ko ɗan kumburi na iya ninka shi a mako guda. Idan aka ɗauki mutane a gwaji lokacin da ALP ɗinsu ke ƙololuwa, zai sauka ko ruwa aka ba su, shi ya sa gwajin da ba shi da rukunin kwatance ba ya tabbatar da komai. Tsokar da allura ke ɗebowa kuwa kusan kashi ɗaya cikin 50,000 ce na hanta, ga cutar da ke kama nan ta bar can. FibroScan, na'urar auna taurin hanta, yana taimakawa, amma toshewar maɗaciya, kumburi da cin abinci duk suna ɗaga lambarsa, don haka a yi shi bayan awa uku ba ci, kuma ba a lokacin zazzaɓi ko shawara ba.

Jerin waɗanda suka faɗi yana da tsawo. Simtuzumab, wanda aka ƙera don hana tabo, an gwada shi a kan mutum 234 na mako 96, bai yi komai ba. Silofeksor ya gyara gwajin jini a matakin farko, amma babban gwajinsa mai mutum sama da 400 an tsayar da shi a 2022 da aka ga ba zai rage ci gaban tabo ba. Bedolizumab ya ba da fata saboda dalili mai ma'ana: ana ganin fararen ƙwayoyin jinin da aka horar a hanji suna ɓatan hanya su sauka a hanta, shi kuma yana toshe wannan hanyar. Ya yi wa hanjin aiki, hantar ba ta amfana a fili ba. Haka infiliksimab da 'yan'uwansa. NorUDCA kuwa, wani dangin UDCA, a gwajin 2017 mai mutum 161, ya sauke ALP da kusan kashi 26 cikin 100 a ma'aunin miligiram 1500 cikin mako 12, abin da ya kai shi ga babban gwaji mai duba tsokar hanta.

Bankomaisin na sha, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ne ake yawan tambaya a kai. Hujjarsa ƙananan gwaje-gwaje ne, kamar na 2013 mai mutum 35 na mako 12. Da aka kwatanta yara 264 a 2021, wasu kan bankomaisin, wasu kan UDCA, wasu ba magani, ba a ga bambanci ba bayan shekara guda. Yana iya lafar da kolaitis ga wasu, wannan kuma ya cancanci bincike, amma a ganina wurinsa cikin gwaji ne mai rukunin kwatance, domin shan sa na shekaru yana horar da ƙwayoyin cuta masu bijire masa.

Wani giɓi da ke damuna: manyan gwaje-gwajen sababbin magungunan hanji sukan ƙi ɗaukar wanda gwajin hantarsa ya haura ninki 2 ko 3, da yawa kuma suna cire masu PSC tun daga ƙofa. Mutanen da suka fi buƙatar amsa su ne ba a gwada maganin a kansu ba.

Likitan Hanta

Na yarda da Malam, sai dai kada Malama ta fita da tunanin cewa ba abin yi. Akwai inda gwaji ya ba da amsa ƙarara.

Ƙaiƙayi: gwajin FITCH ya ba da bezafaibiret miligiram 400 a rana na kwana 21, kashi 45 cikin 100 suka samu raguwar aƙalla rabi, a rukunin da aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 11. A duba ƙoda da ciwon tsoka. Idan kolestiramin aka zaɓa, giram 4, a raba shi da sauran magunguna da awa huɗu, in ba haka ba zai kama UDCA a hanji ya fitar da shi. Rifamfisin miligiram 150 zuwa 300 yana aiki, amma shi kansa yana iya taɓa hanta, a gwada jini bayan 'yan makonni. Sabon ƙaiƙayi mai tsanani kuwa, kafin a rubuta ƙwaya a sake hoto, domin wataƙila wata hanya ce ta tsuke.

Tsukewa: idan babbar hanyar ta koma milimita 1.5 ko ƙasa, ga shawara ko zazzaɓi da rawar sanyi, ERCP ya wajaba. Gwajin DILSTENT na 2018 ya kwatanta buɗewa da balan-balan da sanya ɗan bututu na ɗan lokaci. Dawowar tsukewar ɗaya ce, amma munanan illoli sun kai kashi 45 cikin 100 ga masu bututu, ƙasa da kashi 7 ga masu balan-balan, har aka tsayar da gwajin. A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin aikin, da indometasin ko dikilofenak miligiram 100 ta dubura don kare fankiriyas. Kowace irin wannan tsukewa a goge ta a kai ɗakin bincike, tare da sanin cewa gogewar tana kama ƙasa da rabin kansar da ke wurin. Sakamako mai tsabta bai wanke tsukewar ba.

Kansar hanyar maɗaciya tana samun kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na masu PSC a kowace shekara, kuma kaso mai yawa a shekarar farko bayan ganowa ake samunsa. Shi ya sa ake hoto duk shekara. CA 19-9, gwajin jini na alamar kansa, a karanta shi da hattara: toshewa da kumburi suna ɗaga shi, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na mutane jikinsu ba ya samar da shi sam, ko da kansar na nan. Tsiro a cikin maɗaciya da ya kai milimita 8, ko yake girma, a cire maɗaciyar. A auna ƙarfin ƙashi da bitamin D tun farko. Idan INR ya hau, a ba da bitamin K a sake aunawa kafin a ce hanta ta gaza, domin rashin zubar ruwan maɗaciya yana hana jiki tsotsar sa. FIB-4 kuma, lissafin da ke kimanta tabon hanta daga gwajin jini, kada a dogara da shi lokacin da hanji ke kumbure, saboda kumburi yana ɗaga ƙwayoyin daskarar da jini, lambar ta fito ƙasa da gaskiya. A tura mutum cibiyar dashe da zarar ruwa ya fara taruwa a ciki, ko jijiyoyin maƙoshi sun yi jini, ko bilirubin ya ƙi sauka bayan an buɗe hanya, ko zazzaɓin maɗaciya ya riƙa dawowa duk da magani.